Amsar da Malam Bari-in-duba Ya Ba 'Yarsa

Shekara talatin da tara Malam Bari-in-duba ya yi a kan tebur ɗaya, a ɗaki na biyu daga hagu in ka shiga laburaren gari. Sunan ba na yanka ba ne, amma ya bi shi har ya danne na yankan. Dalili kuwa, duk abin da ka tambaye shi, ko da ya san shi kamar yunwar cikinsa, ba zai ba ka amsa ba sai ya ce, "Bari in duba." Sai ya tura kujera baya, ya gyara tabarau, ya nufi kantar littattafai. Abokan aikinsa sukan ce ko ƙarfe nawa ka tambaye shi, sai ya duba agogo biyu. Maiɗakinsa kuwa cewa take yi ranar da ya zo neman aurenta ce kaɗai ya yi abu ba da dubawa ba, shi ya sa ya yi sa'a.

A laburaren akwai masu sayo littattafai, akwai masu yi musu lamba su jera, akwai masu zama bakin ƙofa suna ba da aro. Shi nasa ɗakin ba a fita da komai daga cikinsa. Ƙamusoshi ne, da kundayen doka masu baƙin bango, da taswirori a cikin durowa mai faɗi, da rahotannin hukuma, da tsofaffin jaridu da aka ɗinke shekara-shekara. A tsakiya teburinsa, a gaban teburin kujerar katako guda ɗaya wadda aka ɗaure ƙafarta da waya. Wannan ta masu tambaya ce. Mutum zai zo da abin da ya shige masa duhu, ya zauna, shi kuwa ya nemo masa inda amsar take kwance.

Ba da niyya ya shiga aikin ba. Safiyo ya so zama, mai auna filaye, amma da ya gama sakandare bai samu gurbi ba, sai wani kawunsa ya samo masa aikin wucin gadi na wata uku: goge kantoci da mayar da littattafai mazauninsu. Shugabar laburaren a lokacin wata dattijuwa ce siririya, ma'aikata suna kiranta Gwaggo Shiru a bayan idonta, don ko tari ka yi sai ta ɗago ta leƙo ka ta saman tabarau. Ita ta lura saurayin nan ba goge littafi kawai yake yi ba, buɗewa yake yi. Wata uku suka cika, ba ta ce ya tafi ba, shi ma bai tambaya ba.

Wata rana mai ɗakin tambayoyi bai zo ba, Gwaggo ta ce ya riƙe teburin. Wani magidanci ya shigo da hula a hannu, ya ce littafin bishiyoyi yake nema. Saurayi ya tashi da rawar jiki, ya kwaso guda biyar ya jibge masa. Mutumin ya yi ta juya shafi yana gumi, ko hotunan ba ya kallo. Gwaggo ta taso daga ofishinta ta tsaya a kansa.

"Bawan Allah, wace bishiya ce ta dame ka?"

Mutumin ya sauke ajiyar zuciya. Ashe bishiyar maƙwabcinsa ce saiwarta ta ratso ta tsaga masa katanga, maƙwabcin ya ce ba zai sare ba, shi kuma yana so ya san abin da doka ta ce kafin su kai gaban alƙali. Gwaggo ta ɗauko kundi ɗaya, ta buɗe, ta karanta masa layi huɗu. Bayan ya tafi ta dubi saurayin.

"Ka gani ko? Tambayar farko sallama ce kawai. Mutum kunya yake ji ya nuna bai sani ba, sai ya zagaya. Kai naka ka jira shi ya iso. Sannan kada ka kuskura ka ba mutum amsa daga kanka. Kai ba littafi ba ne. Ka duba, ka nuna masa da yatsa."

Ya riƙe maganar nan hannu biyu, kuma da mai ɗakin ya bar aiki shi aka ba teburin.

Ba irin tambayar da bai gani ba. Kafinta ya zo neman kaurin katakon da zai ɗauki rufin aji. Ungozoma ta zo da sunan magani rubuce a tafin hannu. Wasu tsofaffi biyu suka zo da gardamar shekarar da aka gina gadar bakin kasuwa, aka duba, dukansu sun faɗi, suka fita suna cewa jaridar ce ta yi kuskure. Wani direban babbar mota ya taɓa shigowa da buhu, ya ajiye a kan tebur, ya ce a duba masa ko irin wannan macijin yana da dafi.

"Matacce ne?" in ji Malam.

"Ɗazu dai da na saka shi bai motsa ba."

Ranar ce kaɗai aka taɓa ganin Malam yana duba littafi daga bakin ƙofa.

Amma mafi yawan masu zama a kujerar nan masu neman aiki ne. Kowace safiya kafin a buɗe ƙofa, Malam zai bi jaridun ranar, ya kwafi duk wani tallan gurbin aiki da hannunsa a kan kati, ya raba su fayil-fayil: na malaman makaranta daban, na direbobi daban, na ma'aikatan asibiti daban. Ya koya wa ɗaruruwa yadda ake rubuta takardar neman aiki. Har yau akwai masu manyan ofisoshi a garin da in sun gan shi a titi sai sun tsayar da mota sun fito sun gaishe shi. A durowar ƙasa ta hannun dama kuma akwai wani koren fayil da ba wanda yake tambaya, na guraben aikin masu irin sana'arsa. Shi ma yana cika shi, kati bayan kati, kamar sauran.

Shi kansa bai taɓa neman ko ɗaya daga cikinsu ba. Difloma ya yi a ajin yamma, ya tsaya nan. Sau biyu Gwaggo tana samo masa damar tafiya jami'a. Karo na farko mahaifinsa na kwance, na biyu maiɗakinsa na da tsohon ciki ga yara uku ƙanana. Ya ce a bari zuwa baɗi, har Gwaggo ta yi ritaya baɗin ba ta zo ba. Bayanta aka yi ta kawo shugabanni masu digiri, wasu ma shi ya nuna musu yadda ake buɗe ƙamus suna 'yan sakandare. Su zo su yi shekara biyu, su ƙara gaba, shi yana nan. Laburaren ma ya fara ja da baya. Sai a shekara ba a ga sabon littafi ba, jarida biyar ta koma biyu, fankar ɗakinsa ta tsaya aka ce za a gyara.

'Ya'yansa huɗu, uku maza, sai Auta. Mazan ba wanda ya taɓa wuce ƙofar laburaren sai in saƙo aka aiko shi. Auta kuwa ita ta ɗauko shi, har yadda yake tura kujera. In aka yi gardama a gida a kan wani abu, kowa ya manta, ita sai bayan kwana biyu ta dawo da amsa, da sunan littafi, da lambar shafi. Yayyenta su kwashe da dariya su ce ga ƙaramar Bari-in-duba nan. Ba ta jin haushi, daɗi ma take ji.

Shekarar da ta gama sakandare damina ta yi ƙarfi. Wata rana ruwa ya kwana yana zuba, kwanon ɗakin tambayoyi ya buɗe daidai saitin kantar jaridu. Da safe Malam ya tarar da jaridun shekara goma sha ɗaya sun jiƙe sharkaf, sun manne da juna. Wata shida yana rubuta wa manya takarda a kan kwanon nan. A makon ne kuma aka fitar da sunayen waɗanda aka ƙara wa girma, babu nasa, karo na uku ke nan, saboda ba shi da digiri. Yana durƙushe a ƙasa, wando naɗe zuwa gwiwa, yana ɓamɓare shafi daga shafi yana shanyawa a kan benci, sai ga Auta ta shigo da takardar neman shiga jami'a a hannu. Ta ja kujerar masu tambaya ta zauna, ta gyara murya irin ta baƙi.

"Sannu da aiki, Malam. Tambaya na zo da ita."

"Ina jin ki." Bai ɗago ba.

"Wanda ya karanta ilimin laburare a jami'a, ya ƙware a irin aikinka, ina da ina zai iya samun aiki?"

Sai ya ɗago. Ya ga takardar, ya ga ta riga ta cika gurbin zaɓi na farko da fensir. Ya dubi hannayensa, baƙin tawadar jarida har wuyan hannu. Koren fayil ɗin yana nan, taku biyu daga inda yake durƙushe, kuma ya san abin da ke ciki don shi ya rubuta. Wani babban asibiti na neman mai nemo wa likitoci sakamakon bincike. Wata kotu na neman mai kula da kundayen shari'a. Ga gidan jarida, ga cibiyar binciken noma, ga jami'o'i uku. Dukkansu sharaɗinsu ɗaya: digirin da shi ba shi da shi, wanda ita take shirin nema.

"Babu," ya ce.

Auta ta yi dariya, tana jiran ya ce a bari ya duba. Bai ce ba.

"Baba, babu kamar yaya?"

"Babu kamar babu. Dubi ɗakin nan. Dube ni. Shekara ashirin da bakwai ina nan, me kika ga na tsinana? Aikin nan ya mutu, binnewa ce kawai ba a yi ba. Nan da shekara biyar kowa na'ura zai riƙa tambaya, ba mai zuwa gaban wani tsoho. Ki nemi abin da mutane ba za su daina buƙata ba. Ciwo ba ya ƙarewa a duniya. Ki karanta jinya."

"Amma Baba, ni wannan nake so."

"So ba ya ciyar da mutum. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

Ta tsura masa ido. Da wani ne ya faɗa, da ta je ta bincika da kanta, don halinta ke nan. Amma wannan mutumin ne da tun tasowarta ba ta taɓa ji ya faɗi abin da bai tabbatar ba. Ta miƙa hannu ta ɗauki magogi a kan teburinsa, ta goge, ta hure takardar, ta rubuta jinya. Sannan ta naɗe hannun riga, ta durƙusa ta taya shi shanyar jaridu har la'asar.

Da ya koma gida maiɗakinsa ta tare shi a tsakar gida.

"Malam, me ka faɗa wa yarinyar nan? Ta shigo ko abinci ba ta taɓa ba."

"Gaskiya na faɗa mata."

"To," ta ce, tana kallonsa kallon wadda ta yi shekara ashirin da biyar tana karantar fuska ɗaya. "Allah ya sa haka ne mafi alheri."

Washegari ya tashi da niyyar ya kira Auta ya gyara maganarsa. Ya ga tana shara, ya ce bari ta gama. Da ta gama ya makara, ya ce sai ya dawo. Kafin mako ya zagayo an riga an kai takardar.

Auta ta yi karatun jinya, ta fito da sakamako mai kyau, ta samu aiki a wani babban asibiti a wani gari mai nisan tafiyar yini guda. Ta auri wani ma'aikacin ɗakin gwajin jini, mutum mai haƙuri, suka haifi yara biyu. Kowa ya ce aikinta ba wasa, iyayen yara marasa lafiya har neman ta suke yi. In maƙwabta suka yaba, Malam sai ya ce, "Madalla," ya sauya magana. Abin da ya lura da shi, wanda ba wanda ya lura, shi ne ta daina dawowa da amsa. In ta kira waya, gaisuwa ce, da lafiyar yara, da gajiya. In yayyenta suka tayar da gardama a gabanta, sai ta ce, "Ku kuka sani," ta jingina kai da bango.

Na'urar da ya yi hasashe kuwa ta zo, amma ba yadda ya ce ba. Ƙananan tambayoyi suka ragu, masu wuya suka ƙaru. Mutum zai zo da amsa uku a waya, kowace ta saɓa wa 'yar'uwarta, ya ce, "Malam, wacce ce gaskiyar?" Dole ya koyi kwamfuta da yatsa biyu, yana dannawa kamar kaza na tsintar hatsi. Koren fayil ɗin kuma sai kauri yake ƙarawa, har sai da ya ɗaure shi da roba.

Bayan shekara goma Auta ta zo hutu da yaranta. Wata rana da rana, an gama cin abinci, uwarta na ciki da jikoki, ita da shi suna zaune a inuwar baranda, sai ta ce, "Baba, ka san an buɗe laburare a asibitinmu? Wata mata aka kawo, sa'ata ce. Likitoci har layi suke yi a ƙofarta. In ciwo ya rikita su, ita ke nemo musu abin da aka gano a kansa a duk faɗin duniya. Na tambaye ta, ashe shekara ɗaya muka shiga jami'a. Ta ce kafin ta gama ma wurare biyu ke nemanta." Ta yi murmushi, ta taɓa gwiwarsa. "Ka ga ikon Allah, ashe kai ma kana kuskure. Ranar dai ba ka duba ba."

Da wasa ta faɗa. Ta buɗe masa ƙofa ce ya fita salin-alin, ya ce eh, kuskure ne, a yi dariya a wuce wurin. Bai bi ta ƙofar ba.

"Gobe ki raka ni wurin aiki," ya ce.

Da safe suka tafi tare. Ya buɗe ɗaki, ya ja durowar ƙasa, ya ɗauko koren fayil ya ajiye a gabanta. Ta cire robar, ta fara bin katunan daga sama, tana komawa baya shekara-shekara. Da ta kai can ƙasa sai hannunta ya tsaya. Ta ɗaga kati ɗaya, ta ɗaga wani, ta jera guda bakwai a kan tebur.

"Wannan rubutunka ne."

"Nawa ne."

"Wannan kwanan watan, ai kafin in zo maka da takardata ne."

"Da wata biyu."

"Ka sani ke nan."

"Na sani."

Ta zuba wa katunan ido. A waje wani yana jan benci a kan siminti.

"Me ya sa, Baba?"

Ya cire tabarau ya riƙe a hannu. "Na yi ta gaya wa kaina tsoro nake ji kada ki ƙare kamar ni. Akwai wannan, ba ƙarya ba ne. Amma ranar haushi nake ji, Auta. Haushin aikin, da haushin kaina. Guraben nan duk na gan su sun wuce ni ina kallo. Ke kika shigo kina dariya, za ki bi ta ƙofar da ni na kasa bi, sai na sauke a kanki. Da gari ya waye na so in gyara, kunya ta hana ni in ce miki na yi ƙarya. Kwana ya zama wata, wata ya zama shekara."

Ta tattara katunan, ta mayar da kowanne mazauninsa, ta ɗaure fayil ɗin da robarsa. Hawaye na zuba, ba ta share ba.

"Da cewa ka yi kada in yi, da na yi maka gardama, ƙila ma daga ƙarshe in bi maganarka. Amma ba haka ka ce ba. Cewa ka yi babu." Ta miƙe. "Na yafe maka, Baba, ubana ne kai, ba yadda zan yi. Sai dai ka ba ni lokaci, zuciyata ba ta kai inda bakina ya kai ba tukuna."

Ta rage kwana biyu daga hutunta ta koma. Uwarta ba ta tambaye shi komai ba, sai dai mako guda tana ajiye masa abinci ta tashi, maimakon ta zauna su ci tare.

Shekara na zagayowa Auta ta kira ta ce ta shiga karatun laburare na ƙarshen mako. Malam ya yi murna kamar an yi masa bushara da gidan aljanna. Ya kwashe littattafansa na difloma da duk abin da ya rubuta daga bakin Gwaggo, ya cika kwali ya aika mata. Zango ɗaya ta yi. Ranakun aikin asibiti suka yi ta karo da ranakun aji, ga ciki na uku ya zo da laulayi, ta rasa jarrabawa biyu. Ta kira ta ce ta ajiye. Ya ce ta ƙara gwadawa.

"Baba, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi," ta ce, ba da zafi ba. Shi kuwa ya fi so a ce da zafin ta faɗa.

Da lokacin ritayarsa ya yi, aka taru a babban zaure, aka yi jawabai, aka ba shi agogon bango. Aka tallata gurbinsa a jarida, ana neman mai digiri wanda ya iya bincike. Karo na farko ba a samu wanda ya cancanta ba. Karo na biyu aka samu wani saurayi, ya yi wata huɗu, wata kotu ta ɗauke shi da albashi mai tsoka. Daga nan aka kwashe kundayen aka kai sito, aka saka na'urar kwafin takardu a ɗakin. Malam ya je sau ɗaya ya gani, bai ƙara komawa ba.

Shekara uku bayan haka yanar ido ta rufe masa ido biyu. Auta ta ce lallai a asibitinsu za a yi aikin, ta turo mijinta ya ɗauko shi. Aka yi ido ɗaya, aka ce na biyu sai bayan kwana biyar. Zaman gado ya ishe shi. Rana ta uku da hantsi ya sa takalmi ya fita, bandeji a ido ɗaya, yana bin bango, yana karanta rubutun ƙofofi da idon da ba a yi wa aiki ba, har ya iso wadda yake nema.

Ɗakin ba shi da girma, amma tsaf yake, ga sanyi, ga kwamfuta huɗu, ga kantoci biyu na mujallun likitanci. Wata mata mai fara'a ta taso ta ba shi kujera. Ya ce shi tsohon ma'aikacin laburare ne, 'yarsa na aiki a ɗakin yara. Da ya kwatanta ta, matar ta tafa hannu.

"Kai ne babanta? Sannu, Baba! Ai kullum in ta samu hutun cin abinci nan take zuwa. In na tafi hutu, likitoci wurinta suke zuwa a ɓoye. Watan jiya akwai wani bayani a kan maganin jarirai, kwana biyu ina nema ban samu ba, ita ta zauna nan da cokali a hannu ta zaƙulo shi. Wallahi ta fi ni hanci. Sau biyu ina rubuta wa manya a ba ni ita mataimakiya, suka ce ba ta da takardar."

Malam ya gyaɗa kai.

Ana haka sai ga Auta ta turo ƙofa, farar riga, kwanon abinci a hannu. Ta gan shi, ta tsaya cak.

"Baba! Likita bai ce kada ka yawata ba?"

"Ƙafafuna ne suka gaji da kwanciya."

Ta girgiza kai, ta zauna gaban kwamfuta ta ƙarshe, ta buɗe kwanonta. Matar ta miƙa mata wata 'yar takarda mai jerin bayanan da wani likita ya bari a nemo masa. Malam yana kallo da ido ɗaya, dishi-dishi, ya ga kafaɗunta sun saki, ta matso da fuska, yatsunta na gudu, abinci na hucewa a gefe. Rabon da ya ga fuskarta haka tun tana 'yar sakandare. Ba a yi minti goma sha biyar ba wata ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce an kawo yaro yana suma. Auta ta rufe kwano, ta ce wa matar, "Na kai na uku, ki duba na huɗun," ta fita da gudu.

Aka yi ido na biyu lafiya. Ranar da zai koma ita ta raka shi tasha, ta zaɓa masa kujerar kusa da taga, ta ja wa direba kunne a kan ramuka. Kafin mota ta cika ya riƙo hannunta ta taga.

"Auta, ki kawo mana yaran, ni da mamanki mu riƙe su shekara biyu. Ki koma ki ƙarasa."

Ta yi murmushi, ta gyara masa baƙin tabarau da aka ba shi. "Na rufe wannan babin, Baba. An ce wata mai zuwa ni za a ba shugabancin ɗakin yara. Yaran nan sun saba da ni, ni ma na saba da su. Kada ka ƙara sa abin a ranka. Maganin ido sau huɗu a rana, kada ka manta."

Ya dubi fuskarta, yanzu yana ganinta tar, har 'yar furfurar da ta fara fito mata a gefen goshi. Bai iya gane ko gaskiyarta ta faɗa ba, ko don ta sauƙaƙa masa ne. Mota ta tashi, ta ɗaga masa hannu, ta juya da sauri don lokacin aikinta ya kusa.

Da la'asar sakaliya ya isa gida. Maiɗakinsa ta karɓi jaka, ta ɗaga yatsu biyu a gabansa ta ce nawa ne, ya ce biyu, ta ce to an gode Allah.

"Yaya Auta?"

"Tana lafiya. Za a ƙara mata girma." Ya zauna a bakin gado yana kwance takalmi. "Ta rame dai."

"Aiki ne," in ji ta.

"Aiki ne," ya ce. Ya laluba aljihu ya ciro kwalbar maganin, ya miƙa mata, ya kwantar da kai baya don ta ɗiga masa.